Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumomin Ilimin Bai-Ɗaya Kan Ƙananan Motocin Koya Wa Yara Kodin

Zuwa ga masu girma shugabannin hukumomin SUBEB na jihohin Arewa, da shugabannin hukumar UBEC ta ƙasa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne a matsayina na malamin kimiyya da kwamfuta a ƙaramar sakandare, a kan wani al'amari da nake ganin ba da jimawa ba zai iso teburinku cikin takardun neman amincewa. A shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabunta manhajar karatu ta firamare da sakandare, inda aka ba ilimin fasahar kwamfuta gurbi mai faɗi, kuma duk wanda ya daɗe a harkar makaranta ya san cewa bayan sabuwar manhaja sai sayen kayan aiki. Daga cikin kayan da za a kawo muku tallarsu akwai ƙananan motocin nan masu bin umarni, waɗanda ake koya wa yara kodin da su, wato tsara wa kwamfuta umarni daki-daki. Ina goyon bayan a saye su, goyon baya mai ƙarfi kuwa. Tsorona shi ne a saye su ta hanyar da za ta sa su ƙare a cikin kwalayensu a sito, shi ya sa na ga gara in yi magana tun ba a sa hannu a kan kwangila ba.

Motar da nake magana a kanta ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Tana da tayoyi biyu, kowace da ɗan injin lantarkinta, da wata 'yar ƙwallo ko ƙaramar taya ta uku da ke tallafe ta, da batir, da ƙaramar kwamfuta da ke riƙe jerin umarni. Idan tayoyin biyu suka juya gaba da gudu ɗaya sai ta miƙe, idan kuwa ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya sai ta juya a inda take. Bambancinta da motar rimot da ake saya wa yara da sallah shi ne, mai rimot yana tuƙi yana gyara hannu a lokaci guda, ita kuwa wannan sai yaro ya gama tsara tafiyar gaba ɗaya a kansa, ya shigar mata, sannan ya janye hannunsa ya zuba ido ya ga abin da tunaninsa ya haifar. Haka injiniyoyin hukumar NASA ta Amurka ke yi da motar Perseverance wadda ta sauka a duniyar Mars a watan Fabrairu na 2021, domin saƙo daga nan zuwa can yana cin tsakanin minti 3 zuwa 22 gwargwadon nisan da ke tsakani, saboda haka babu halin a tuƙa ta kai tsaye, sai dai a aika mata da tsarin aiki ta aiwatar da kanta.

Tunanin koyar da yara ta wannan hanya ya haura shekara hamsin. Seymour Papert, masanin lissafi ɗan asalin Afirka ta Kudu, ya yi shekaru yana aiki da masanin halayyar yara Jean Piaget a birnin Janeba kan yadda tunanin yaro ke girma, kafin ya koma cibiyar MIT ta Amurka. A 1967 shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro harshen kwamfuta na yara mai suna Logo, daga baya kuma suka haɗa shi da wata na'ura mai tayoyi da suka kira kunkuru, wadda ke yawo a ƙasa da alƙalami a cikinta tana zana hanyar da ta bi. Abin da Papert ya nace a kansa shi ne yaro ne ya kamata ya riƙa ba kwamfuta umarni, kuma dalilin da ya sa ya zaɓi abu mai tafiya a ƙasa shi ne yaro ya riga ya san tafiya da jikinsa. Idan aka ce ya sa kunkuru ya zana murabba'i, zai iya tashi ya taka da ƙafarsa, ya lura cewa sau huɗu yake miƙewa yana juyawa dama, sai ya rubuta hakan. Idan aka zo kan alwatika mai daidaitattun gefuna, yawancin yara sukan ce a juya digiri 60, domin abin da suka haddace ke nan game da kusurwoyinta, sai zanen ya ƙi rufewa. Yaron da ya sake takawa da ƙafa shi ne zai gano cewa juyin da jikinsa ke yi a kowace kwana ya fi haka girma, digiri 120 ne, kuma sau uku ɗin idan aka haɗa sun ba da 360, wato cikakken zagaye guda da ya mayar da fuskarsa inda ta fara kallo. Wanda ya gano wannan da kansa da wuya ya manta da shi.

Ina so in nuna muku yadda abin yake a kusa. A wani darasin hutu da muka shirya wa yaran unguwa, mun yi amfani da mota irin wadda ake danna mata umarni a gadon baya, ba ta buƙatar waya ko kwamfuta. Mafi shahara a wannan rukuni ita ce Bee-Bot ta Birtaniya, wadda kowane takunta santimita 15 ne, kowane juyinta kuma digiri 90. Muka shimfiɗa ledar ɗaki, muka zana mata gidaje irin na dara, muka ajiye murfin kwalba a wani gida muka ce nan ce kasuwa. Wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta ƙirga gidaje da yatsa, ta danna gaba sau uku, dama sau ɗaya, gaba sau ɗaya, ta danna maɓallin tafi. Motar ta yi tafiyarta ta tsaya saura gida ɗaya ta isa kasuwa. Yarinyar ta ɗago kai ta ce, "Malam, motar nan ba ta jin magana." Ƙawarta da ke durƙushe a gefe ta ce mata, "Ai abin da kika ce mata ta yi." Sun ɗan yi musu, sannan ita mai motar ta miƙe ta shiga cikin gidajen da ƙafarta, tana faɗin umarnin da baki tana takawa, har ta zo wurin kwana ta tsaya cak. A nan ta gane cewa juyawa dama ba ya matsar da motar ko'ina, fuska kawai yake sauya mata, alhali ita ta ƙirga shi a matsayin taku. Ta koma ta sake danna umarnin tun daga farko da ƙarin gaba sau ɗaya, sai motar ta sake ɓacewa ta wata hanya dabam, domin ba ta goge tsohon umarnin ba kafin ta shigar da sabo, motar kuwa tana riƙe da duk abin da aka taɓa danna mata. A karo na gaba ta goge, ta shigar, motar ta hau kan murfin kwalbar, ɗakin ya kaure da ihu.

Babu wanda ya gaya wa yarinyar nan ta yi kuskure, babu wanda ya ɗaga mata bulala, babu jan biro a littafinta. Ta ga kuskuren da idonta, ta bi sawunsa mataki-mataki har ta kama shi, ta gyara. Ranku ya daɗe, wannan shi ne abin da nake roƙon ku saya wa 'ya'yanmu. A yawancin azuzuwanmu kuskure abin kunya ne da yaro ke ɓoyewa, shi ya sa yake zaɓar yin shiru ko kwafar amsa daga na kusa da shi. Darasin kwamfuta kansa a makarantu da dama a kan allo ake yin sa, malam ya zana hoton kwamfuta da alli, yara su haddace sunayen sassanta, su rubuta a jarrabawa su ci, ba tare da sun taɓa sa wata na'ura ta yi abin da suke so ba. Masu sana'ar rubuta manhajar kwamfuta kuwa babban kaso na lokacinsu wajen neman kuskure da gyara shi yake tafiya, kuma haƙurin yin hakan tun ana ƙarami ake koyon sa.

Motocin nan hawa-hawa ne, kuma yana da kyau wanda zai sa hannu a takardar saye ya san matakan. Na ƙananan azuzuwan firamare su ne marasa allon kallo, irin wadda na ambata, ko irin KIBO da Cubetto waɗanda ake jera musu umarni da 'yan tubala da hannu. Daga aji huɗu zuwa sama yaro zai iya komawa ga harshen Scratch, wanda cibiyar MIT ta fitar a 2007, inda ake jawo tubalan umarni masu launi ana sarƙa su da juna, kuma kyauta ne, ana iya sauke shi a yi aiki da shi ba tare da intanet ba. A wannan mataki ne ƙaramin allon micro:bit ke shigowa, wanda BBC ta raba kimanin miliyan ɗaya daga cikinsa ga yara 'yan shekara 11 zuwa 12 a Birtaniya a 2016. Yana da 'yan fitilu 25 da maɓallai biyu, ana soka shi a jikin ƙaramar mota ya zama ƙwaƙwalwarta. Na ƙaramar sakandare kuma su ne waɗanda ɗalibi ke harhaɗawa da hannunsa a kan ɗan allon kwamfuta mai suna Arduino, wanda aka faro a garin Ivrea na Italiya a 2005, aka kuma bar tsarinsa a buɗe ga kowa, ko kuma irin mBot da ake ƙerawa a birnin Shenzhen na ƙasar Sin.

A wannan mataki na ƙarshe ne motar ke samun ido da kunne, kuma a nan ne ta fi yi wa malamin lissafi da na kimiyya amfani. A ƙarƙashinta akwai 'yan idanu biyu masu fitar da wani haske da idon mutum ba ya gani. Farin wuri yana mayar da hasken, baƙi kuma yana shanye shi, saboda haka idan aka liƙa baƙin salatif a ƙasa ɗalibi zai iya rubuta cewa idan idon hagu ya ga baƙi a karkata hagu, idan na dama ya gani a karkata dama, in ba haka ba a miƙe, a kuma yi ta maimaita hakan ba tsayawa. Da waɗannan 'yan layuka ya koyi sharaɗi da maimaici, waɗanda duk wata manhaja a duniya a kansu take tsaye. A gabanta kuma akwai wata na'ura mai fitar da sautin da kunne ba ya ji, tana jiran amsa-kuwwarsa ta dawo. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, don haka idan amsa-kuwwar ta dawo cikin kashi 2 daga 1,000 na daƙiƙa, sautin ya yi tafiyar santimita 68 zuwa da dawowa, bango ke nan yana nisan santimita 34. Ɗalibin da ya manta bai raba biyu ba zai ga motarsa ta kusa cin karo da bango kafin ta tsaya. Haka nan 'yar tayar nan mai ruwan ɗorawa da ke zuwa da yawancin motocin, faɗinta santimita 6.5 ne, kewayenta kuma ya ɗan haura santimita 20, saboda haka juyi biyar ya kai ta mita ɗaya da ɗan ɗoriya. Lissafin kewayen da'ira da ɗalibai ke ƙi a kan allo, da kansu suke neman sa idan suna so mota ta tsaya daidai kan layi.

Duk da haka ba zan ɓoye muku cewa tarihin raba na'urori a makarantu cike yake da darasi mai ɗaci ba. A 2005 Nicholas Negroponte na cibiyar MIT ya ƙaddamar da shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, da alƙawarin kwamfutar dala 100, kuma makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja tana cikin wuraren farko a duniya da aka gwada ta a 2007. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwan kwamfutocin. Da masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka bibiyi makarantu 319 na karkarar ƙasar bayan wata 15, sakamakon da suka fitar a 2012 ya nuna cewa yara sun iya sarrafa kwamfuta, an kuma ga ɗan ci gaba a kaifin tunani, amma babu wani ƙari a makinsu na lissafi da na harshe. Na'urar ta isa hannun yara, yadda ake koyarwa a aji kuwa bai sauya ba. Ita ma Ingila, wadda ta wajabta darasin kwamfuta tun daga shekara 5 a 2014, ta tarar da cewa malamai da yawa ba su shirya ba, har sai da gwamnatinta ta ware fam miliyan 84 a 2018 ta kafa cibiya ta ƙasa domin horar da su. Saboda haka duk mai tallar da ya ce muku motarsa za ta ɗaga makin jarrabawa da kanta, ko za ta mayar da kowane yaro injiniya, kada ku saurare shi.

Na kuma san tambayar da iyaye da yawa za su yi, domin ni ma ina yi wa kaina ita: da wane ido za a sayi motar wasa alhali akwai azuzuwan da rufinsu ya yaye, yara na zaune a ƙasa, wasu sun kai aji huɗu ba su iya haɗa baƙi ba? Tambayar tana kan gaskiya, kuma idan har kuɗin rufi ko na littafin karatu za a ɗiba a sayi mota, to a bar motar. Amma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ware wa wannan fanni kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na tarayya, ta sa ana raba kuɗin gida-gida, akwai kason gine-gine, akwai na kayan koyarwa, akwai na horar da malamai, kuma a cikin biyun ƙarshe nake magana. Sannan matakin farko na wannan darasi ko sisi ba ya ci. Ana zana gidaje a filin makaranta da tsinke, yaro ɗaya ya zama mota, wani ya ba shi umarni da katunan kibiya da aka yanka daga tsohon kwali, da sharaɗin cewa mota ba ta yin komai sai abin da aka nuna mata. Yaron da bai iya karatu ba tukuna yana iya wannan, kuma a cikinsa yana koyon ƙirga da hagu da dama da bin tsari. Ra'ayina shi ne kada a kai mota ko ɗaya makarantar da ba ta yi zangon karatu guda tana wannan wasa ba, domin makarantar da ta iya shi ta nuna tana da malamin da zai riƙe motar idan ta zo.

Wannan ya kawo ni kan malami, wanda shi ne ginshiƙin maganata. Bitar kwana biyu a otal, wadda ake raba jaka da takardar shaida a watse, ba ta isa ta sa malamar aji biyu ta tsaya gaban yara da na'urar da ba ta taɓa riƙewa ba. Abin da take buƙata shi ne a ba ta motar ta tafi da ita gida, ta yi ta gwadawa da 'ya'yanta har ta daina jin tsoronta, sannan ta riƙa haɗuwa da takwarorinta na makarantun da ke kusa lokaci-lokaci suna nuna wa juna abin da ya yiwu da abin da ya gagara. Tana kuma buƙatar jagorar darussa a rubuce, mako-mako, wadda ta ɗaure kowane aiki da wani abu da ke cikin manhajar lissafi ko kimiyya, don kada darasin ya zama ƙarin kaya a kan jadawalin da ya riga ya cika. Abu mafi wuya da za a koya mata shi ne ta riƙe bakinta idan ta ga yaro zai yi kuskure, ta bar motar ta ɓace, sannan ta tambaye shi a wane taku abin ya fara karkacewa. Wannan ya saɓa wa yadda aka tarbiyyantar da mu a aikin koyarwa, kuma sai an gwada an sake gwadawa yake zama jiki. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna da kwalejojin ilimi na jihohinku su ne gidan wannan aiki, kuma ya dace ɗalibin da ke karatun NCE ya taɓa irin wannan mota kafin ya fita koyarwar gwaji. Ina roƙon ku sanya ƙa'ida cewa kuɗin da za a kashe wa malamai a shirin ba zai gaza wanda za a kashe wa kayan ba.

Akwai kuma matsalar sito. Na taɓa aiki a wata makaranta da aka kawo wa kayan kimiyya masu kyau, aka yi biki aka ɗauki hotuna, sannan shugaban makarantar ya kulle su, mabuɗin yana aljihunsa, har ya bar wurin ba a buɗe kwalayen ba. Ban ga laifinsa sosai ba, domin ya san idan masu duba makarantu suka zo ƙirga kaya za su yi, kuma abin da ya karye shi za a tuhuma, abin da ba a taɓa ba kuwa babu mai tambaya. Muddin haka tsarin yake, duk motar da kuka saya a sito za ta tsufa. Ku rubuta wa shugabannin makarantu a fili cewa lalacewar mota a hannun yaro cikin darasi ba laifi ba ne, ku kuma umarci jami'an duba makarantu su riƙa tambayar awa nawa motar ta yi a aji, su ɗauko yaro ɗaya su ce ya sa ta zagaya kujera.

Sai batun yanayinmu, wanda masu ƙera motocin nan ba su yi la'akari da shi ba. An tsara su ne domin azuzuwa masu santsin daɓe da wutar da ba ta ɗaukewa. A wurinmu simintin aji yakan farfashe, taya ta zame, taku ya ƙi cika, sai yaro ya rubuta umarni daidai motar ta yi ba daidai ba, wanda hakan yana rushe darasin daga tushe. Maganinsa mai sauƙi ne, a haɗa kowane rukunin motoci da faifan katako mai santsi ko ledar ɗaki mai kauri. Ƙurar hunturu tana shiga haƙoran injin, hasken rana mai ƙarfi yana rikita idanun da ke bin layi, zafin watan Afrilu kuma, wanda a Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, yana rage wa batir kwana idan aka ajiye shi a ɗaki mai rufin kwano. A zaɓi motocin da ake yi wa caji da igiyar cajin waya, a haɗa su da ƙaramin faifan sola da akwati mai murfi, a kuma guji duk wadda ba ta aiki sai da intanet ko sai an biya kuɗin rajista duk shekara.

Gyara ma haka. Kamfanin LEGO ya fara sayar da jerin kayan haɗa mutum-mutumi na yara mai suna Mindstorms a 1998, makarantu a faɗin duniya suka dogara da shi, sannan a ƙarshen 2022 ya daina yin sa. Idan kamfani mai wannan girma zai iya rufe layin kaya, to bai kamata jiha ta ɗaure kanta da motar da ba a samun sassanta sai a wurin mutum ɗaya ba. Na manyan azuzuwa dai a zaɓi masu buɗaɗɗen tsari, waɗanda injinsu da tayarsu da na'urorin jinsu ake samu a wurin 'yan kasuwa daban-daban, a kuma sa wa ɗan kwangila sharaɗin kawo sassan canji tare da kayan. Masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre a Kano, waɗanda ke liƙa dalma a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba, wannan aiki ba zai gagare su ba, haka ma maƙeran Panteka a Kaduna da ɗaliban kwalejojin fasaha za su iya yin gangar jikin motar a gida. Cibiyar nazarin ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi da hukumar NITDA ta buɗe a Abuja a 2020 tana iya taimaka muku wajen tantance abin da ya cancanci saye. Yaranmu kuwa ba baƙin ƙera mota ba ne, tun fil azal suna yin ta kara da ta langa-langa da ta waya, har da sitiyari mai juya tayoyin gaba. Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, a Sakkwato ya tashi. A bar ɗalibai su ƙera jikin motar da kwali da murafun kwalba, jiha ta sayi ƙwaƙwalwa da inji kawai, kuɗin zai ragu, ilimin kuma ya ƙaru.

Game da yawan yara, ba a buƙatar mota ɗaya ga kowane yaro, hasali ma gara a ce su huɗu ne a kan ɗaya, domin musun da suke yi a tsakaninsu rabin darasin ne. Motoci 10 sun ishi yara 40, sauran rabin ajin kuma suna fili suna wasan katunan kibiya, a mako na gaba a yi musanya, kuma makarantu uku ko huɗu da ke kusa da juna za su iya karɓa-karɓar akwati ɗaya. Sai dai a raba aiki a cikin kowace ƙungiya, a sami mai tsara hanya da mai dannawa da mai aunawa da mai rubutawa, a riƙa juya su, domin na sha ganin yadda yara maza masu ƙarfin hali ke mamaye motar, 'yan mata su koma 'yan kallo, alhali idan aka ba su dama ba a fin su natsuwa wajen bin sawun kuskure. Makarantun 'yan mata su kasance cikin rukunin farko da za a fara da su. A kuma bar yara su yi musunsu da harshen da suke tunani da shi. Scratch yana da Hausa a cikin jerin harsunansa, kibiya kuwa ba ta buƙatar fassara, kuma Turancin umarnin zai shiga kansu da sauƙi bayan sun fahimci abin da umarnin ke yi. Gasa tsakanin makarantu tana da daɗi, amma kada ta zama ita ce manufa, domin takan sa a ware yara biyar a yi ta horar da su, sauran ɗaruruwan ko taɓa motar ba su yi ba.

Abin da nake roƙo a aikace shi ne kowace jiha ta fara da makarantu kaɗan, na birni da na ƙauye, na maza da na mata, waɗanda malamansu suka nuna sha'awa da kansu, ta ba su shekarar karatu guda cikakkiya. Sashen ilimi na wata jami'a da ke jihar ya auna yaran kafin a fara da bayan an gama, ya rubuta motoci nawa suka lalace, me ya lalata su, nawa aka kashe wajen gyara, malamai nawa ne suka ci gaba da darasin bayan zango na farko. A buga wannan rahoto kowa ya gani, ko ya yi daɗi ko bai yi ba, sannan a yanke shawarar faɗaɗawa a kansa. Ina fatan za ku sanya wannan gwaji cikin tsarin aikin da za ku miƙa wa UBEC a zagaye mai zuwa, ku kuma gayyaci malaman aji su zauna a kwamitin da zai zaɓi motar tun kafin a kira 'yan kwangila.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Malamin kimiyya da kwamfuta a wata ƙaramar sakandaren gwamnati.